Ƙwayar Birki

Ku yi min afuwa da shirun da na yi muku kwanakin nan. Masu turo min saƙo suna tambaya wai ko an ɗaura ne ban gayyace su ba, ku kwantar da hankalinku, ba a ɗaura komai ba, kaina ne ya ɗaure. Yau ma da ƙyar na zauna rubutun nan, amma na ce gara in faɗa muku tun abin yana da zafinsa, kafin in fara yi wa kaina kwaskwarima a cikin labarin.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, ni ce Auta a gidanmu, ina koyar da 'yan ajin farko a wata makaranta da ke bayan layinmu. Wanda nake so kuwa malamin koyon tuƙi ne. A wurinsa na koyi mota, kuma tun daga ranar farko babu abin da ke fita daga bakinsa sai "birki, birki, malama birki," ko da ƙadangare ne ya gifta titi. Sunan ya bi shi. Yanzu har Ummanmu in za ta tambaye ni shi, cewa take, "Ya Birkin naki?"

Birki mashayin taba ne, ko in ce a da. Tun ranar da na fara shiga motarsa na gane, duk da turaren da ya rataya a jikin madubi har guda biyu. Hancina ba ya yi min ƙarya. Da maganar aure ta fara shigowa ban ɓoye masa ba, na ce ni fa ba zan ƙare rayuwata ina wanke labule saboda hayaƙin wani ba. Ya yi dariyar yaƙe ya sunkuyar da kai. Mahaifinsa tari ne ya tafi da shi, kuma shi ne mai riƙe masa kwano a gadon asibiti, don haka ya fi ni sanin ƙarshen abin. Ya gwada dainawa ba sau ɗaya ba. Ya tauna cingam har muƙamuƙinsa ya yi ciwo, ya tauna kanumfari, ya manna abin nan da ake liƙawa a dantse, fatarsa ta yi ƙuraje. Duk dai kwana kaɗan sai ya koma.

Matakala ce ta kai shi asibiti. Ofishinsu a sama yake, wata rana ya tsaya a tsakiyar hawa yana haki kamar wanda aka koro, mutum ɗan shekara talatin da 'yan kai. Likitar ƙirji ta duba shi ta ce huhunsa ya fara gajiya, amma bai makara ba in ya daina yanzu. Ta rubuta masa magani, wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da zai riƙa sha safe da yamma bayan ya ci abinci, da ruwa cikin kofi, har na tsawon wata uku.

Na tambaye shi yadda suke aiki, shi kuwa komai na duniya da mota yake bayaninsa.

"Kin san wurin ajiye mota a bakin ofishinmu? To a cikin kai akwai wurin da taba take fakawa. Maganin nan shi yake riga ta zuwa. In ta zo ta tarar wuri a cike, sai ta yi ta zagaye ta tafi."

"To in ka kunna fa?"

"Na kunna a satin farko, likita ta ce ba laifi kafin ranar da muka tsayar. Wallahi kamar ina zuƙar takarda. Ko rabi ban kai ba na yar."

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganin ya wahalar da shi. Tashin zuciya da safe, ido ja saboda barci ba ya nisa, ga saurin fushi, shi da ko ɗalibi ya hau masa kan dakali da mota ba ya ɗaga murya. Kwanakin farko ma hutu ya ɗauka a wurin aiki, likita ta ce kada ya riƙe sitiyari sai ya ga yadda jikinsa ya karɓa. Sai kuma mafarkai. Kullum da safe ina shirin makaranta, ina ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya, saƙonsa zai shigo.

"Yau akuya na koya wa mota. Ta fi ki iya ribas."

"Allah ya shirye ka. Ka karya?"

"Na karya."

"Ka sha?"

"Na sha, ranki ya daɗe. Sati na biyar ba hayaƙi."

Nakan karanta wannan saƙon in rungume wayar a ƙirjina kamar wata sokuwa. Rigarsa ta daina wari. Ya cire turare ɗaya daga madubin. Ya fara cewa ashe haka lemo yake da ƙamshi. Ni kuma na fara duba hotunan labule a waya hankalina kwance.

Sai Gwaggo ta shigo cikin labarin.

Gwaggo ƙanwar Abbanmu ce, mai shagon yadi, mace mai jiki da murya, wadda in ta shigo gida sai ka ji kamar mutum uku ne suka shigo. Ta sayi mota tun bara tana ajiye a ƙarƙashin tamfol saboda tsoro. Da ta ji wanda ke nemana malamin tuƙi ne, sai ta ce shi ke nan, za ta je ta koya a wurinsa, ta kuma ƙare masa kallo. "Mutum ba ya iya ɓoye halinsa in kana shirin jefa shi a kwata," in ji ta. Muka yi dariya, ni har da yi masa saƙo in ce ya shirya, ga babbar jarrabawa nan tafe.

Ranar da abin ya faru na dawo daga makaranta, ina falo ina yanke taurarin takarda da zan liƙa wa yara a littafi. Umma tana ninke kayan wanki a kan doguwar kujera, Abba yana baranda da tsohuwar rediyonsa da ya warware a kan tire. Gwaggo ta shigo ba irin sallamarta mai cika gida ba. Mayafinta ya zame har gwiwar hannu ba ta gyara ba. Ta zauna ta ce a kira mata Yaya, haka take ce wa Abba.

"Yaya, yaron nan ba za a ba shi Auta ba."

Almakashin ya tsaya a hannuna.

"Tun jiya na lura da idonsa. Ja wur. Yau muna cikin tafiya ya ce in tsaya, ya fita bayan mota yana kakarin amai. Da muka tsaya ya sayi burodi ya ci a tsaye, ya dawo ya buɗe aljihun mota ya ɗauko wani abu ya jefa a baki, yana juya min baya. Na ce ɗana, me kake sha? Ya yi tsuru-tsuru. Na sake tambaya. Da bakinsa, Yaya, da bakinsa ya ce min, 'Ba komai Gwaggo, ƙwaya ce kawai.'"

Zanin da ke hannun Umma ya faɗi ƙasa.

Dole in tsaya a nan in faɗa muku abin da ban taɓa rubutawa ba. Ina da yaya namiji, shi ne babba a gidanmu. Ya faɗi a babur ya karye a cinya, aka yi masa aiki, likita ya rubuta masa maganin kashe zafi. Ƙafa ta warke, maganin bai sake shi ba. Daga na asibiti ya koma na bayan kasuwa, ya rame, ya daina kallon mutane a ido, ya riƙa kulle kansa a ɗaki. Wata safiya Abba ne ya ɓalle ƙofar, ya tarar ya rasu. Tun daga ranar kalmar nan ta mutu a gidanmu. Umma ko ciwon kai take yi cewa take a miƙo mata magani guda. Ko shinkafa ce ta zube, ba ta cewa ƙwayar shinkafa, sai ta ce a tsince 'ya'yan. A waje kuwa cewa muke jinya ya yi, kuma abin da Birki ya sani ke nan.

Shi kuma bawan Allah, kunya ce ta kama shi. Ya ga in ya ce maganin daina shan taba ne, ya tona wa kansa asiri a gaban gwaggon yarinya. Sai ya laluba ya ɗauko kalmar da yake ganin ta fi kowace sauƙi, ya jefa ta a tsakiyar gidanmu.

Na miƙe taurarin suka watse a ƙasa. Na ce, "Abba, wallahi ba irin wannan ba ce. Magani ne. Taba yake sha da, shi ne yake son ya daina, likita ce ta rubuta masa."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Au, har da taba?"

Abba bai kalle ta ba. Ni ya kalla, ta saman tabaraunsa, da ƙaramin sukudireba har lokacin a hannunsa. Abbanmu tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum ne da bai taɓa yi min tsawa ba, kuma da ya yi min tsawar a ranar da ya fi min sauƙi.

"Yayanki ma likita ne ya rubuta masa," ya ce.

Ku gaya min, me ake ce wa uban da ya ɓalle ƙofa da kafaɗarsa?

Ya koma baranda. Har aka kira magariba ina jin ƙarar ƙananan kusoshi a kan tire, ya ɗauka ya ajiye, ba abin da yake gyarawa.

Washegari kafin in fita ya kira ni. Yana zaune a bakin gado da carbi, ya nuna min kujera.

"Auta, ban ƙi yaron nan ba. Yana da ladabi, yana da sana'a. Taba kuma na san ta. Rabin waɗanda muka yi aiki tare sun sha ta, sun aurar da 'ya'ya, wasu har jikoki sun gani. Amma abin da ake haɗiya safe da yamma, mutum ya ce ba zai iya wuni ba sai da shi, na gama da shi a gidan nan. Ki gaya masa ya zo ranar Asabar da yamma. Ya kawo su ya ajiye a gabana, ya yi min alkawari ya bar su. In tabar ce ya koma, ya koma. A ranar zan ce ya turo manyansa."

"Abba, huhunsa fa..."

"Na gama magana, uwata."

Kun ji inda kaina ya ɗaure. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo a sujada, ga shi an miƙo min a hannu. Kuɗinsa kawai shi ne Birki ya koma wa abin da ya kashe ubansa.

A ajin ranar ban san me na koyar ba. Wata yarinya ta ce min, "Malama, kin rubuta bakwai a juye." Lokacin hutun tara na shiga ɗakin ajiye kujeru na kira shi, na faɗa masa komai, har da labarin yayana.

"Innalillahi. Auta, me ya sa bakina ya ɗauko wannan kalmar?"

"Ba ka sani ba ne."

"Zan kawo su."

"Ban gane ba."

"Zan ajiye masa su. Ai na yi nisa, zan iya ƙarasawa da kaina."

"Kamar yadda ka ƙarasa da cingam?"

Na san na soke shi. Bakina ke nan, yana riga hankalina fita. Ya ce ɗalibi yana jiransa, ya kashe.

Da aka tashi makaranta na matsa masa sai da muka je wurin likitar tare. Ɗakin jira cike da masu tari, kujerun roba a jere, talabijin a sama ba murya. Wani dattijo a gefenmu yana riƙe da 'yar tukunyar iska a kan cinya, bututu a hancinsa, matarsa tana gyara masa hula. Birki ya ƙi kallon wajen. Ni kuwa na kasa daina kallon matar.

Likitar mace ce 'yar siririya mai maganar nutsuwa. Ta saurare mu har ƙarshe ba ta katse mu ba. Ta yi min ta'aziyyar yayana, ta ce tsoron Abba ba shirme ba ne, ta ga irin abin da ya gani. Amma ta ce wannan maganin ba ya bugarwa, ba ya sa maye, kuma yana da ranar gamawa. Ta ce wanda ya yanke a tsakiya sau da yawa komawa yake, musamman wanda ya riga ya gwada wasu hanyoyin suka ƙi. Ta ce in fushin ko rashin barcin ya yi yawa, ko ya ji ransa yana ɓaci fiye da kima, ya dawo su duba tare, kada ya yanke shi kaɗai. Har ta ce in Abba zai yarda, ya zo ta yi masa bayani da kanta.

Na kai wa Abba wannan saƙon. Ya ce, "Na zauna a gaban likitoci, Auta. Duk da murmushi suka yi min bayani."

Daren Juma'a bayan cin abinci Umma ta same ni a kicin ina wanke kofin da na riga na wanke.

"Ki yi shiru ki karɓi abinki," ta ce a hankali. "Mazan duniya nawa ne suke shan taba? In kin shiga, kya raba shi da ita da dabara. Kada ki tsaya jayayya da ubanki a kan wannan. Kin san ba da ke yake faɗa ba, da wancan ɗakin yake faɗa."

Kuma jama'a, na yarda. Kada wata ta zo min ƙasan rubutun nan tana cewa ita da ba za ta yarda ba. Ina son mutumin nan. Na gaji da sallama a bakin ƙofa, na gaji da ganin ƙawayena suna turo hoton falonsu. Na ce wa kaina ai wata biyu ne ya rage, ƙila ya iya. Na ce ai likitoci ma suna da ƙari. Na goge doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, wadda ya taɓa cewa tana sa ni kama da shugabar makaranta, na rataye ta a jikin ƙofa. Na tura masa saƙo, "Allah ya kai mu gobe." Ya amsa da "Amin" kawai, babu akuya, babu tsokana.

Asabar bayan la'asar ya zo. Na leƙa ta labule na ga ya faka motar koyon a nesa da ƙofa, ya zauna a ciki ya daɗe kafin ya fito. Farar riga ya sa mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, ya yi aski. Ya rame. Ya cire takalmi a bakin falo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Abba, duk da an nuna masa kujera. Gwaggo tana gefe ta harɗe hannu, amma na lura ba ta iya kallonsa sosai. Umma tana bakin ƙofar kicin.

Na shigo da tire, shayi da yankakken burodi da jug ɗin ruwa. Abba ya ce ya ci, ya ɗan gutsura don kunya, ya kurɓi shayin. Ni na koma jikin bango na tsaya.

"Ɗana, Auta ta gaya maka sharaɗina."

"Ta gaya min, Abba. Kuma ina neman gafara a kan kalmar da na faɗa wa Gwaggo. Ban san ciwon da ke gidan nan ba."

Ya sa hannu a aljihun wando ya fito da ɗan farin kwali, gefensa duk ya lanƙwashe saboda yawo a aljihu. Ya ɗora a kan teburin tsakiya da hannu biyu, ya tura shi gaban Abba.

"Ga su. Daga yau na bar su. Ko na safe ban sha ba."

Na ji Umma ta sauke ajiyar zuciya. Abba ya gyaɗa kai, fuskarsa ta fara sakewa, ya buɗe baki zai faɗi maganar da na shekara ina jira.

A lokacin ne Birki ya sunkuya zai gyara zama, aljihun gaban rigarsa ya buɗe. Farar riga ba ta da sirri. Na ga kwalin, sabo fil, ko ledar jikinsa ba a ɓare ba. A hanya ya tsaya ya saya. Bai kunna ba tukuna, amma ya san kansa, ya san abin da zai faru da zarar ya fita daga gidanmu da albishir a hannu. Ya zo ya sayi aurena da huhunsa, ya kuma taho da abin da zai ƙarasa shi a aljihu.

Matar nan mai gyara wa mijinta hula ta faɗo min a rai. Ban san lokacin da na bar jikin bango ba.

Na durƙusa a gaban teburin na ɗauki farin kwalin. Na zaro takardar azurfar da ke ciki. Na ɓallo guda ɗaya, na tsiyaya ruwa a kofi har ya zuba a tire, na miƙa masa.

"Sha."

"Auta..." in ji Umma.

"Ka ci burodi, ba abin da zai yi maka. Sha."

Birki ya kalle ni, ya kalli Abba. Idonsa ya ciko. "Auta, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani. Miƙo min na aljihun."

Ya kai hannu aljihun rigarsa. Sannan a hankali ya zaro kwalin tabar ya ajiye a kan tebur, kansa a ƙasa. Gwaggo ta ce "Oh ni," can ƙasa-ƙasa.

Na juya wajen Abba ina durƙushe, hawaye yana shiga min baki. Ban taɓa yi masa musu ba tun da aka haife ni.

"Abba, ka yafe min. Ka ce ya zaɓa, to ga su nan biyu a gabanka. Wannan wata biyu ya rage masa ya gama da ita. Waccan ita ta kashe babansa yana riƙe masa kwano. In ka hana ni shi, zan yi kuka in haƙura, ba zan taɓa fita daga maganarka ba. Amma ba zan iya zama a gidansa ina jin tarinsa ta bango, ina sanin ni ce sila ba. Mun riga mun yi wannan zaman sau ɗaya a gidan nan."

Birki ya karɓi kofin daga hannuna. Ya ɗauki 'yar ƙwayar daga tafina, ya ce "Bismillah," ya haɗiye a gaban mahaifina, ya shanye ruwan tas. Ya ajiye kofin ya zauna yana jiran a kore shi.

Abba bai ɗauke ido daga maƙogwaronsa ba har ya gama haɗiya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Yayan Auta shi a ɗaki yake sha," ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. "Ya kulle ƙofa. Ban taɓa ganin lokacin da yake sha ba. Ko sau ɗaya."

Umma ta juya ta shige kicin, na ji ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Abba ya miƙa hannu ya ɗauki kwalin tabar ya ba Gwaggo. "Jefa wannan a shara ta waje." Sannan ya ɗauki farin kwalin, ya juya shi gaba da baya, ya zura a aljihun rigarsa ya danne da tafin hannu.

"Gobe da yaushe ake sha?"

Birki ya ɗago a ruɗe. "Da safe, Abba. Bayan an karya."

"To a nan za ka karya. Da yamma ma a nan. Wannan a wurina zai zauna, ni zan riƙa ba ka da hannuna, ina kallon idonka. Ranar da na ga abin da na taɓa gani, ko ka nemi ƙari a kan abin da aka rubuta, kada ka sake tako ƙofar nan."

"Na yarda, Abba."

Gwaggo ta dawo tana karkaɗe hannu, ta yi gyaran murya. "To Yaya, maganar turo manyan nasa fa?"

Abba ya miƙe, ya dafa kujera, bai kalle ni ba.

"Na ce zan ba da ita in ya ajiye. Bai ajiye ba. Ita ta hana shi." Ya nufi ɗakinsa, sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya. "Sai kwalin nan ya ƙare zan san ko ina da abin cewa."

Tun ranar bai ƙara ce min uwata ba. In na gaishe shi yana amsawa, amma sama-sama, kuma wannan yana ci na fiye da yadda zan iya rubuta muku. Ban sani ba ko na rasa auren, ko na rasa wani abu a wurin Abba da ba zai dawo ba.

Amma yau da safe ina ɗaki ina neman ɗan kunnena na ji tsayuwar mota a waje. Na leƙa. Abba ya riga ya fito baranda ya ture rediyonsa gefe, ya ajiye kofi biyu a kan tire, yana zaune da hannunsa a kan aljihu yana kallon ƙofa.